Yadda Za Ka Binciki Aikin Ɗan Majalisarka a Legas: Ƙuri'arsa, Kwamitinsa da Biyayyarsa ga Jam'iyya

Da yawa daga cikinmu mazauna Legas mun san sunan sanatan garinmu, mun san wanda ya sauya sheƙa a Kano ko Sakkwato tun kafin labarin ya huce. Amma ka tambayi mutum wa ke wakiltar Agege ko Mile 12 a majalisar dokokin jiha da ke Alausa, sai ya yi shiru. Alhali abin da ke taɓa abincinmu kai tsaye daga can yake fitowa. Dokar sufuri ta 2018, wadda gwamnati ta dogara da ita ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 daga ranar 1 ga Yunin 2022, sannan ta ƙara da Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu a watan Satumba, majalisar dokokin Legas ce ta yi ta. Haka dokar hana yawon kiwo da Gwamna Sanwo-Olu ya sa wa hannu a Satumbar 2021. Ga yadda za ka bi sawun waɗanda ke yin waɗannan dokoki da sunanka.

Da farko, ka san su waye naka

Ɗauko katin zaɓenka. A jikinsa akwai jiha, ƙaramar hukuma, gunduma da rumfar zaɓe. Ƙaramar hukumar da ke rubuce a katin ita ce abin dubawa, domin INEC da ƙananan hukumomi 20 take aiki a Legas, ba ta lissafa yankunan raya ƙasa 37 da jihar ta ƙirƙira. Mai shago a Mile 12 zai ce yana ƙarƙashin Ikosi-Isheri, amma katinsa Kosofe zai nuna.

Mutum uku ke wakiltarka. Akwai ɗan majalisar jiha: kujeru 40 ne, kowace ƙaramar hukuma tana da biyu, don haka ka tambaya ko gundumarku a mazaɓa ta ɗaya take ko ta biyu. Akwai ɗan majalisar wakilai: Legas na da 24 cikin 360, kuma Mushin da Surulere da Oshodi-Isolo da Tsibirin Legas kowace biyu gare ta. Sai sanata. Agege da Mushin da Ojo, inda Alaba Rago take, suna Legas ta Yamma, wadda zaɓen 2023 ya ba tsohuwar mataimakiyar gwamna Idiat Adebule. Kosofe tana Legas ta Gabas, wurin Tokunbo Abiru. Obalende da Apapa da Surulere suna Legas ta Tsakiya, wurin Wasiu Eshinlokun.

Ka sami littafi, ka ware wa kowannensu shafi. Ka rubuta cikakken sunansa, mazaɓarsa, jam'iyyar da ya ci zaɓe a ƙarƙashinta, da shekarar da ya fara shiga majalisa. Duk abin da za ka rubuta daga nan ka sa masa kwanan wata da inda ka samo shi. Maganar da ba ta da kwanan wata, ranar da ka fuskanci mutumin da ita zai musanta, kuma ba ka da abin cewa.

Ka fahimci dalilin da ya sa ƙuri'arsa ke da wuyar gani

A nan ne masu bincike da yawa ke karaya, don haka zan daɗe a kai. A Amurka da Ingila, idan aka kaɗa ƙuri'a kan muhimmin ƙuduri ana rubuta sunan kowane ɗan majalisa da ɓangaren da ya bi. A wurinmu, a Abuja da Alausa duka, mafi yawan hukunci da ƙuri'ar murya ake yanke shi. Shugaban zama ya nemi masu goyon baya su amsa, sannan masu adawa su amsa, ya ce ɓangare kaza ne ya fi ƙarfin murya, ya buga guduma. Ba a ƙirga kowa ba, ba a rubuta sunan kowa ba. Wanda ya yi shiru da wanda ya fita shan ruwa da wanda ya ɗaga murya duk sun zama ɗaya a takarda.

Hatta manyan al'amura haka ake yi musu. A watan Maris na 2025, da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, majalisun tarayya biyu da ƙuri'ar murya suka amince, alhali tsarin mulki kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi ya nema. Lauyoyi da dama sun yi ta tambayar yadda kunne zai auna kashi biyu cikin uku. A ganina wannan al'ada ita ce babbar mafakar ɗan majalisar da ba ya son a san matsayinsa.

Duk da haka akwai ranakun da ake ƙirga mutum ɗaya-ɗaya, kuma su ya kamata ka farauta. Ɗan majalisa na iya ƙalubalantar hukuncin shugaban zama ya nemi a raba zaure, a kira suna kowa ya faɗi nasa. Haka aka yi a majalisar dattawa ranar 15 ga Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, bayan shugaban marasa rinjaye na lokacin, Enyinnaya Abaribe, ya dage. Sanatoci 52 suka zaɓi a ɗaure INEC da sharaɗin amincewar hukumar sadarwa ta NCC da majalisa, 28 suka ƙi, 28 kuma ba su nan. Jaridu sun buga sunayen duka, kuma ƙuri'ar ta bi layin jam'iyya kusan gaba ɗaya. Wata rana irin wannan ita ce 1 ga Maris 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, inda aka kaɗa ƙuri'a ta na'ura sashe bayan sashe, aka yi watsi da ƙudurorin ƙara wa mata kujeru. Ka shiga intanet ka rubuta sunan wakilinka tare da batun da shekarar. Idan yana majalisa a lokacin, ka duba abu biyu: ina ya tsaya, kuma ya ma zo? Rashin zuwa a ranar da aka san za a ƙirga kai shi ma matsayi ne, ka rubuta shi.

Ka koma ga takardun majalisa da bidiyon zama

Tunda murya ba ta barin sawu, sai a bi abin da ke barin sawu. Kowace ranar zama tana da takardu uku, kuma da sunayensu na Turanci za ka neme su. Order Paper ita ce jadawalin ranar, tana nuna ƙudurorin da za a karanta da sunan wanda ya kawo kowanne. Votes and Proceedings ita ce taƙaitaccen abin da aka yanke, wanda ake amincewa da shi a zama na gaba. Hansard kuma ita ce maganar kowa kamar yadda ya faɗe ta. Shafin majalisar tarayya na intanet yana sa wasu daga cikinsu, cibiyar PLAC da ke Abuja tana da ma'ajiyar ƙudurori inda za ka ga matakin da kowanne ya kai, wata kafar labarai mai suna OrderPaper kuma takan fitar da lissafin ƙudurorin kowane ɗan majalisa.

Majalisar tarayya takan zauna Talata da Laraba da Alhamis, ana kuma nuna zaman kai tsaye a YouTube da Facebook. Bidiyo ya fi takarda tona asiri, domin a nan za ka ga kujerun da babu kowa, ka ga wanda ya miƙe ya yi magana da hujja da wanda aikinsa kawai mara wa ƙudurin wani baya. Tsarin mulki ya wajabta wa kowace majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, kuma sashe na 68 da na 109 sun ce wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kujerarsa ta faɗi. Da wuya a aiwatar da wannan, amma ma'auni ne da doka ta ba ka.

A Alausa akwai wani abu da ya kamata ka shirya masa: zaman ranar Alhamis da Yarbanci ake yin sa. Idan Yarbancinka na ciniki ne kawai, ka zauna da ɗaya daga cikin yaranmu haifaffun Agege ko Idi-Araba, waɗanda ke jin harshen kamar masu shi, ya fassara maka. Zauren yana da wurin zaman baƙi, kuma ko sau ɗaya ne ya dace shugabannin ƙungiyar kasuwa su je da katin shaidarsu su kalli zama. Gani ya kori ji.

Kada yawan ƙudurori ya ruɗe ka

Lokacin kamfe za ka ga allo an rubuta Honarabul ya kawo ƙudurori kaza. Ka tambayi inda kowanne ya tsaya. Karatu na farko ambaton suna ne kawai, ba muhawara. A karatu na biyu ake tattauna manufar ƙudurin, daga nan a tura shi kwamiti, a saurari ra'ayin jama'a, a dawo da rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. A Abuja sai ɗaya majalisar ma ta amince, sannan shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A jiha gwamna ke da wannan kwana 30. Ƙuduri ɗaya da ya zama doka ya fi tarin waɗanda suka kwanta a karatun farko.

Ka kuma bambance ƙudurin doka da ƙudurin jan hankali. Idan kasuwa ta ƙone ɗan majalisa ya miƙe ya nemi a kai agaji, majalisa ta amince, wannan shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba ta tilasta wa kowa. Tana da amfani, amma abin tambaya shi ne ko ya bi ta har aka aiwatar.

Kwamiti: inda ainihin aikin yake

Abin da ake gani a zaure ƙarshen magana ne. A kwamiti ake sauya kalmomin doka, a nan ma'aikatu ke zuwa kare kasafin kuɗinsu, a nan ake kiran shugaban hukuma ya amsa tambaya. Sashe na 88 da 89 na tsarin mulki sun ba majalisar tarayya ikon bincike da sammacin mutum, na 128 da 129 suka ba majalisun jihohi irin wannan iko. Saboda haka ka nemi sanin kwamitocin da wakilinka yake ciki, da matsayinsa a kowanne: shugaba ne, mataimaki, ko mamba kawai.

Wakilan Legas sun riƙe manyan kwamitoci a majalisa ta 10 da aka rantsar a Yunin 2023. Sanata Abiru, wanda tsohon shugaban banki ne, aka ba kwamitin bankuna da inshora. James Faleke na Ikeja ya samu kwamitin kuɗi na majalisar wakilai, wanda ƙudurorin gyaran haraji suka bi ta hannunsa kafin a sa musu hannu a Yunin 2025, bayan doguwar taƙaddama da gwamnonin Arewa kan rabon harajin VAT. Babajimi Benson na Ikorodu ya riƙe kwamitin tsaro. Ka ga ke nan ɗan kasuwar da ke Ikeja, wanda ya kwana yana muhawarar dokar haraji a WhatsApp, wakilinsa ne ya shugabanci kwamitin da aka gyara ta a cikinsa, kuma wataƙila bai taɓa rubuta masa layi ɗaya ba.

Ga abin da za ka auna. Kwamitin ya dace da ilimin mutumin ko sana'arsa? Ya shafi bukatun mazaɓarku? Sau nawa ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma rahoto nawa ya miƙa wa zaure? Idan sun fita ziyarar gani da ido, me ya biyo baya? Ka kuma sani cewa shugabannin majalisa ne ke raba kwamitoci, kuma sau da yawa kwamiti mai maiƙo ladan goyon baya ne a zaɓen kakaki ko shugaban majalisar dattawa. Wanda aka ba babban kwamiti ba lalle ne ya fi kowa ƙwazo ba, wanda aka jefa ƙaramin kwamiti kuma wataƙila ɗan takarar da ya mara wa baya ne ya faɗi. Banda guda ɗaya: kwamitin da ke bin diddigin rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa, bisa al'ada ɗan adawa ake ba shi a Abuja.

A Alausa, kwamitocin da suka fi shafarmu su ne na sufuri, muhalli, kasuwanci, aikin gona, ƙananan hukumomi, da wanda ke karɓar koke-koken jama'a. Rufe kasuwa saboda shara, rusau, tashar motocin kaya, mayanka: kowanne akwai kwamitin da ke sa ido a kan hukumar da ke yinsa. Ana sanar da zaman jin ra'ayi a jaridu da shafukan majalisar, wani lokaci da ɗan gajeren wa'adi. Ƙudurin hana yawon kiwo na 2021 cikin 'yan kwanaki ya wuce daga muhawara zuwa amincewa. Ƙungiyar da ba ta da mai sa mata ido kan sanarwa, sai dai ta ji labari bayan an buga guduma. Ku naɗa mutum ɗaya mai karatu wannan aiki, ku shirya takardar matsayinku a shafi ɗaya ko biyu, ku miƙa wa akawun kwamitin, ku karɓi shaidar an karɓa.

Auna biyayyarsa ga jam'iyya

Biyayya ga jam'iyya ba laifi ba ce. Da tutarta aka zaɓe shi, kuma kowace majalisa tana da mai tsawatarwa wanda aikinsa ke nan ya haɗa kan 'yan jam'iyya. Abin da kake nema shi ne ranar da muradin jam'iyya ya yi karo da na mazaɓa, ina ya tsaya.

A Legas lissafin yana da nasa salo. Kusan dukkan kujeru 40 na majalisar jiha APC ce ta lashe su a 2023, don haka duba sunan jam'iyya ba zai gaya maka komai ba. Rabuwar tana cikin gida, tsakanin ɓangarori da iyayen gida, kuma majalisar dattawan jam'iyyar da ake kira GAC tana da babbar murya. Misalai biyu sun isa. A Agustan 2023 majalisar ta ƙi amincewa da mutum 17 cikin 39 da gwamna ya aiko a naɗa kwamishinoni da masu ba da shawara, alhali jam'iyyarsu ɗaya. Sannan ranar 13 ga Janairun 2025 mafi yawan mambobi suka tsige Kakaki Mudashiru Obasa, mai wakiltar Agege ta ɗaya, wanda ke kan kujerar tun 2015, suka ɗora Mojisola Meranda. Ranar 3 ga Maris, bayan manyan jam'iyya sun sa baki, ta sauka ya koma. A waɗannan makonni an ga fuskoki, an ji maganganu, an ɗauki bidiyo. Ka nemo inda wakilinka ya tsaya a Janairu da inda ya tsaya a Maris, da dalilin da ya bayar, idan ya bayar.

Sai sauya sheƙa. Sashe na 68 ga 'yan majalisar tarayya, da na 109 ga na jiha, sun ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adi ya ƙare ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. A 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo, kotun ƙoli ta bayyana cewa rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa. Idan naka ya sauya, ka rubuta ranar, ka nemo wasiƙar da aka karanta a zaure, ka ga dalilin da ya kafa. Ka lura ko ya tuntuɓi mazaɓa kafin ya tafi, da kuma abin da ya samu bayan tafiyar.

Ayyukan mazaɓa

Wannan ba zan tsawaita ba, don shi ne kowa ya fi sani. Shekaru da dama kasafin tarayya ya riƙa ware naira biliyan 100 a shekara don ayyukan da 'yan majalisa ke zaɓa wa mazaɓunsu. Manhajar Tracka ta ƙungiyar BudgIT tana wallafa jerinsu, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tana bin sawunsu tun 2019. Ka nemo na mazaɓarku, ka je wurin da ƙafarka, ka ɗauki hoto. Kuɗin gwamnati ne, ba kyautar aljihun kowa ba. Shinkafar azumi da ragon Sallah kuwa, a gode wa mai bayarwa, amma kada su shiga littafin.

Ka kai masa abin da ka tara

Majalisar Legas takan shirya taron masu ruwa da tsaki na shekara-shekara a mazaɓu 40, inda kowane mamba ke zama da mutanensa. Ku je a ƙungiyance, da sanin Sarkin Hausawan unguwarku da shugabannin kasuwa, kuma ku zaɓi mai magana ɗaya. A gaisa da mutunci, sannan a tafi kai tsaye: "Ranka ya daɗe, Honarabul, ranar kaza an kawo batun kaza a zaure. Wane matsayi ka ɗauka?" Ko kuma: "Kana cikin kwamitin sufuri. Me kwamitin ya yi kan baburan da ake kamawa?" Tambaya mai kwanan wata ba ta amsuwa da dogon jawabi. Ku bar masa kwafin tambayoyin a rubuce a ofishinsa na mazaɓa, a buga muku hatimi a naku.

Idan takarda kuke nema aka hana, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. A rubuta wa akawun majalisa, a faɗi takardar da ake so da ranarta a fili. Idan kuma zalunci wata hukuma ta yi muku, kuna iya rubuta koke wakilinku ya gabatar a zaure a tura wa kwamitin koke-koke. Yadda ya karɓi wannan koke shi ma abin rubutawa ne.

Wasu za su kawo maganar kiranye. Tsarin mulki ya yarda da shi a sashe na 69 da na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi kan Dino Melaye a 2018 ya mutu a wurin tantance sa hannu, na Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 kuma INEC ta ce bai cika sharaɗi ba. Amfanin littafinka na gaskiya yana zuwa ne lokacin da 'yan takara suka fara zagayen kasuwanni da masallatai neman goyon baya.

Wannan kuwa yana buƙatar katinka ya kasance na Legas. Idan rumfarka tana Katsina ko Gusau, wakilin Kosofe ba ya lissafa ka cikin masu iya cire shi. INEC tana ba da damar sauya wurin zaɓe a lokacin da take ci gaba da rajista, ta shafinta na intanet ko a ofishinta na ƙaramar hukumar da kake zaune, kuma takan rufe watanni kafin ranar zaɓe. Ka je da tsohon katinka da adireshin inda kake, ka zaɓi rumfa mafi kusa da gidanka, ka koma ka karɓi sabon katin idan ya fito.